Turjiyar Cikin Batir da Alaƙarta da Yawan Caji

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro a 1859, shi ne ake amfani da shi har yau a motoci da kuma inbatoci da na'urorin sola na gidaje da dama. Kowane ɗaki daga cikin ɗakunansa 6 yana ba da kimanin bolt 2.1, don haka cikakken batir da ya huta yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Sai dai wannan adadi ba ya bayyana turjiyar ciki, wato cikas ɗin da lantarki ke gamuwa da shi a cikin batirin kansa kafin ya fito, wanda ake aunawa da miliyom.

Turjiyar ba ta tsayawa wuri ɗaya, domin tana bin yawan cajin da ya rage. Yayin da ake jan wuta, asid ɗin da ke cikin ruwan batir yana haɗuwa da farantan dalma ya zama salfet, wani farin gishiri da ba ya barin lantarki ya wuce sosai, ruwan kuma ya tsinke har nauyinsa ya sauka daga kimanin 1.27 zuwa 1.12. Saboda haka turjiyar takan ƙaru sannu a hankali a rabin farko na saukar cajin, sannan ta hau da sauri idan batirin ya kusa ƙarewa. Idan kik ɗin mota ya ja amfiya 200 daga batir mai turjiyar miliyom 5, bolt 1 ne zai zube a ciki, amma idan turjiyar ta ninka, bolt 2 za su zube su zama zafi. Wannan ne dalilin da ya sa inbata ke mutuwa da zarar an kunna firij, alhali mita na nuna bolt 12.

Masu aikin batir sukan tarar da cewa da yawa daga cikin baturan da ake kawo musu a matsayin matattu rashin cikakken caji ne ya kwantar da su. Bai kamata a yanke wa batir hukunci ba sai an cika shi, an bar shi ya huta na wasu sa'o'i, sannan a auna turjiyarsa. Amma idan aka bar shi a sauke na makonni, salfet ɗin yakan daskare, turjiyar ta ƙi saukowa ko an yi caji. Don haka wajibi ne mai batir ya guji sauke shi ƙasa da rabi, wato kimanin bolt 12.2, ya mayar masa da caji a ranar, kuma idan ruwansa ya ja baya, ya ƙara masa tataccen ruwa kaɗai.