Mai Gadin Daji Da Wa'azi: Darasi Daga Sayyidina Umar Da Tsibirin Misali

 Darasin wannan mako ya shafi mutanen da hukuma ke ɗorawa bisa tsaron daji da ruwa da namun da ke cikinsu, da irin horon da ya kamata a yi musu kafin a tura su cikin jama'a.

An saba horar da ma'aikacin gandun daji a kan abu uku, watau sanin iyaka, da riƙon bindiga, da kamun mai laifi. Ba safai ake koya masa yadda zai zauna da masunci ko makiyayi ya fahimtar da shi dalilin hani ba. Alhali kuwa daji ya fi ƙarfin idon mai gadi, in bai sami yardar mazauna gefensa ba, da ya juya baya sai a koma gidan jiya.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga Musulunci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, irin wannan keɓaɓɓen wuri shi malamai ke kira hima. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira, shi ma ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, haka kuma Buhari, wasiyyar da Umar ya yi wa wani bararren bawansa mai suna Hunayyu sa'ad da ya naɗa shi mai kula da hima. Abin lura shi ne bai fara masa da zancen horo ko tara ba. Ya fara da umurtarsa da tausasa wa jama'a, da jin tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Sa'an nan ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga su yi kiwo, amma ya tsare dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa. Har ila yau Umar bai ɓoye masa ba cewa mutanen wurin suna ganin an ƙware su, tun da ƙasarsu ce tun zamanin jahiliyya, kuma ba domin larurar dabbobin jihadi ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba.

Mai karatu zai ga cewa Umar ya ba ma'aikacinsa dalilin doka tare da dokar, ya kuma sanar da shi abin da ke cikin zukatan waɗanda za ta shafa. Mai gadin da ya san waɗannan yana da abin faɗa in an tambaye shi, ba sai ya ce haka aka umurce shi ba.

A wannan zamani an jarraba irin wannan hanya a gabashin Afirka. Akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Misali, yamma da tsibirin Pemba a yankin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Sunan ya yi kama da kalmar Hausa, amma mutanen wurin suna danganta shi da kalmar Suwahili mai nufin tabarmar salla. Ruwan da ke kewaye da shi cike yake da duwatsun murjani inda kifi ke hayayyafa, kunkurun teku kuma na fitowa gaɓarsa su yi ƙwai. Masunta daga ƙauyukan Pemba da yawa, kusan dukkansu Musulmi, da wannan ruwa suke ciyar da iyalinsu. Sai waɗansu suka shiga kamun kifi da nakiya. Fashewa ɗaya takan kashe babba da ƙarami, ta rushe murjanin da ya yi shekaru masu yawa yana girma. Wanda ya san ɓarnar da zuba gamalin a kogi ta yi a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani.

A 1998 aka mai da Misali wurin da doka ta tsare, amma hani da sintiri kaɗai ba su wadatar ba. Daga nan ƙungiyar CARE ta haɗa kai da wata cibiyar Musulunci ta nazarin muhalli da ke Birmingham a Ingila, wadda Fazlun Khalid ya kafa a 1994. Suka tara ma'aikatan hukuma da limamai da malaman makarantun allo da shugabannin masunta, aka zauna ana nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka shafi halitta. An tsaya a kan mizanin da Suratur Rahman ta hana a ƙetare, da ɓarnar tudu da teku wadda aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta da aikin hannun mutane, da halifancin ɗan Adam a bayan ƙasa da ke cikin aya ta 30 ta Baƙara. Hikimar shirin ita ce zaman da aka yi wuri ɗaya. Ma'aikaci ya san yadda kifi ke hayayyafa amma bai san aya ba, liman ya san aya amma bai taɓa tunanin ta shafi nakiya ba. Kowa ya fita da rabin da ya rasa, saƙon kuma ya shiga huɗubar Juma'a da karatun yara. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna kamun kifi da nakiya ya ragu ƙwarai a kewayen tsibirin, a 2008 kuma aka fitar da littafin jagora domin malamai cikin Suwahili da Turanci.

Sai dai kuskure ne a ɗauka wa'azi kaɗai ya yi wannan aiki. Mai jin yunwa yakan ji huɗuba ya yarda da ita, gari ya waye ya koma ga abin da zai ci. Saboda haka aka ware wani kaso na kuɗin da baƙi masu ziyara ke biya domin ayyukan ƙauyuka, aka kuma kafa ƙungiyoyin adashi da rance. Irin wannan adashi na CARE a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kafin a kai shi Zanzibar. Wannan ya yi daidai da ƙofar da Umar ya bar wa mai 'yan tumaki.

Akwai kuma haɗari guda da masu shirya irin wannan horo ya kamata su kiyaye. In an koya wa ma'aikaci ayoyi biyu ko uku domin ya riƙa jefa su cikin magana kamar kayan talla, jama'a za su gane, musamman in sun san yana karɓar na goro daga mai kuɗi yana kama talaka. A nan zunubin ya zama biyu, ga zalunci ga wasa da maganar Allah. Shi ya sa a Pemba ba a ɗora wa ma'aikacin hukuma aikin fassara aya ba, an bar wannan ga malaman garin da jama'a suka sani suka kuma amince da su, shi kuwa ya kawo abin da ya gani a cikin ruwa.