Haɗa Kwaɗon Wake Mai Hawa Huɗu Domin Taron Suna da Walima

Gabatarwa

A unguwanni irin su Fadaman Mada a cikin garin Bauchi, idan suna ko walima ta taso, kuɗin nama ne yakan fi tayar wa maigida da uwargida hankali. Wannan darasi zai nuna yadda za a tarbi baƙi da abin taɓawa mai gina jiki ba tare da nama ba. Mutanen Mekziko da Amurka suna yin irinsa: sukan dama dafaffen wake, su jera kayan lambu a kai, su riƙa dangwala da soyayyen gashin masara. Mu ma muna da kayan a hannu, domin Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman wake irin namu, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne.

Kayan haɗi na mutum 15

Wake gwangwani 4, kindirmo rabin lita, dakakken ƙuli-ƙuli gwangwani 1, tumatir 6, albasa 2, tattasai 3, attarugu 2, latas kai 1, lemun tsami 2, man gyaɗa ludayi 1, gishiri da citta. Ana samun kayan lambun a Kasuwar Muda Lawal, kuma sun fi araha lokacin da amfanin noman rani ya shigo.

Yadda ake haɗawa

1. A surfa waken, a dafa shi har ya yi luguf, sannan a tsane ruwan.
2. A soya albasa 1 da attarugu da citta a man gyaɗa, a zuba waken da gishiri, a dama da muciya har ya yi kauri. A shimfiɗa shi a faranti mai faɗi, a bari ya huce. Wannan shi ne hawa na farko.
3. A tace kindirmo a tsumma mai tsabta na awa 1 domin ya yi kauri, a shafa a kan waken.
4. A cire 'ya'yan tumatir don kada ya tsinka haɗin. A yanka shi ƙanana tare da tattasai, latas da sauran albasa, a matsa lemun tsami, a baza a kai.
5. A barbaɗa ƙuli-ƙuli a sama. A ci da masa, gurasa ko soyayyen dankali.

Abin lura

A guji waken da aka zuba wa maganin ƙwari a wurin ajiya. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a shekarar 2015. Waken da aka adana a buhu mai ruɓi uku ba ya buƙatar magani. A tabbatar an tafasa madara kafin a yi kindirmon, a kuma wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta sosai, domin ɗanye za a ci su.

Wake da nono suna saurin lalacewa. Kada haɗin ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 a zafin watan Maris da Afrilu. Idan taron mai tsawo ne, a raba shi a ƙananan faranti, a ajiye a cikin sanyi, a riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya. A sa cokalin ɗiba a kowane faranti, kuma abin da ya kwana a waje a zubar da shi.