Yadda Ake Samun Ƙanƙara Mai Tauri

A watannin Afrilu da Mayu zafin birnin Yamai yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci, da kuma cikin watan azumi, ƙanƙara takan yi daraja. Gidaje da yawa a Bukoki, Wadata da Yantala suna ƙulla ruwa a leda, su sa a firigo mai daskarar da ruwa, su sayar. Masu kifin kogin Isa da masu nono da masu zoɓo duk da ita suke aiki.

Amma ƙanƙara iri biyu ce. Akwai mai tauri kamar dutse, wadda takan daɗe ba ta narke ba. Akwai kuma mai ruwa a ciki, wadda takan narke tun yaro bai kai ta gida ba. Mai kifin da ya sayi ta biyun, kifinsa zai lalace. Mai sayar da ita kuwa zai rasa masu ciniki, ga kuɗin wuta yana jiransa.

Yaya ruwa yake daskarewa?

Ruwa yana fara daskarewa idan sanyinsa ya kai digiri sifiri. Daga waje yake farawa, tsakiya ce ta ƙarshe. Shi ya sa za ka ga leda ta yi tauri a waje, alhali cikinta ruwa ne.

Aikin firigo shi ne zuƙe zafin da ke cikin ruwa. Babban aiki ne. Kafin ruwan da ya kai sifiri ya koma ƙanƙara, sai an cire masa zafi mai yawa, daidai da zafin da zai ɗaga ruwan nan daga sifiri zuwa digiri 80. Bayan ya daskare kuma, sai ya ƙara shan sanyi kafin ya bushe ya yi tauri. Sanyin da ake so a cikin firigon shi ne digiri 18 ƙasa da sifiri. Saboda haka ƙanƙara ba ta son gaggawa.

Abubuwa shida da za a kiyaye

1. Kada a cika firigo da sabon ruwa gaba ɗaya. Kowane firigo yana da iyakar kilon da zai iya daskararwa cikin awa 24, kuma galibi an rubuta shi a jikinsa ko a takardarsa. A sa kaɗan, a jera ledoji kusa da bangon ciki. Idan sun yi tauri, a matsar da su, a ƙara wasu.

2. A huce ruwa tukuna. Ruwan famfo na tsakar rana da ɗumi yake fitowa. A bar shi ya kwana a randa mai tsabta da murfi, sannan a ƙulla.

3. A ba shi lokaci. Babbar leda sau da yawa tana bukatar kwana ɗaya cur, wani lokaci biyu. A daidaita girman ledoji, domin su daskare tare. Kada a cika leda ko gora har baki, gama ruwa yakan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya daskare.

4. A duba maɓallin sanyi. A yawancin firigo, babbar lamba ita ce sanyi mai yawa. A lokacin zafi, a ƙara lamba.

5. A ajiye firigo a inuwa, nesa da murhu. A bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango, don zafin bayansa ya fita. A riƙa share ƙurar bayansa. A gwada robar murfi da takarda: a rufe murfin a kanta, a ja. Idan ta zare cikin sauƙi, sanyi yana zurarewa.

6. Idan farar ƙanƙara ta taru a bangon ciki har ta kai rabin santimita, a kashe firigo ta narke da kanta. Ba a kankare ta da wuƙa, don kada a huda bututun iskar sanyi.

A sani kuma, sukari da gishiri suna hana ruwa daskarewa da wuri. Shi ya sa ƙanƙarar zoɓo ba ta kai ta ruwa zalla tauri.

Ƙaramin injin ƙanƙara

Akwai ƙaramin inji da ake ɗorawa a kan tebur. Yana fitar da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara cikin ƴan mintoci. Ƙwayoyin suna fitowa a jiƙe, da rami a tsakiya, kuma kwandon injin ba ya hana su narkewa. Mai son tauri ya danna maɓallin manyan ƙwayoyi, ya zuba ruwa mai sanyi. Da sun fito, a kwashe a leda, a sa a firigo su ƙarasa.

Idan wuta ta ɗauke

Kamfanin NIGELEC yana sayo wani kaso na wutar Yamai daga Najeriya. A watan Agusta na 2023 aka yanke wannan wuta, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Masu ƙanƙara sun ji a jikinsu. Idan wuta ta ɗauke, kada a buɗe murfi. Firigon da ke cike da daskararren kaya zai iya riƙe sanyi har kwana biyu. Mai rabin kaya kuwa, kwana ɗaya. A tsananin zafi ba ya kai haka. A cire shi daga soket. Idan wuta ta dawo, a jira minti biyar kafin a jona.

Sanyi ba ya tsabtace ruwa

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Ƙwayoyin cutar kwalara da na taifot suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara. Idan ta narke a kofi, sai su shiga ciki. A shekarar 2021 kwalara ta ɓarke a jihohi da dama na Nijar, har da Yamai. Don haka a yi ƙanƙara da ruwan da ake sha kawai. Idan ruwan rijiya ne ko na kogi, a tace, a tafasa shi har minti ɗaya. Ko kuma a sa ƙwayar Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira minti 30. A wanke hannu da sabulu kafin ƙulli. Kada a hura leda da baki. Kada a haɗa ƙanƙarar sha da ɗanyen nama ko kifi. Rigakafi ya fi magani.

Gwaji kafin saye ko sayarwa

Girgiza ledar kusa da kunne. Idan ka ji motsin ruwa, ba ta yi ba. Buga biyu da juna. Masu tauri ƙara suke yi kamar duwatsu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Daga ina ruwa yake fara daskarewa?
2. Me ya sa ba a cika firigo da sabon ruwa gaba ɗaya?
3. Shin sanyi yana kashe ƙwayoyin kwalara?
4. Rubuta abubuwa uku da za ka yi idan wuta ta ɗauke.