Darasi na 14: Gashin Babbar Mujiya

Da kaka, in muka yi sammako daga Unguwar Gai za mu gona, mukan tsinci gashin tsuntsu a gindin kuka ko tsamiya. Wani gashin dogo ne, toka-toka, da ratsi-ratsi masu duhu. Na wane tsuntsu ne? Ga yadda za mu gane.

Da fari mu shafa shi. Gashin shaho yana da tauri da santsi. Na mujiya kuwa laushi gare shi kamar auduga. Na biyu, mu dubi gefensa. In gashin bakin fiffike ne, za mu ga ƙananan haƙora jere kamar na matsefi. Na uku, mu kaɗa shi kusa da kunne. Da kyar za mu ji motsinsa. Laushin nan da haƙoran nan su ke kashe ƙarar iska. Don haka mujiya takan sauko wa ɓera bai ji zuwanta ba.

Mai wannan gashi ita ce babbar mujiya mai ruwan toka. Tsawonta ya kai inci 17, wato kusan kamu ɗaya. Tana son wuri mai duwatsu, irin na ƙasar Rano da Kibiya. Ba ta yin sheƙa. Takan sa ƙwai 2 ko 3 a tsakanin duwatsu ko a kogon itace, ta kwanta a kansu kamar wata ɗaya. Tukkaye biyu da ke kanta gashi ne, ba kunnuwa ba ne. Idanunta ba sa juyawa, sai dai ta juya kai. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7.

Mutane da yawa sun ƙi jininta. Sukan ce kukanta mugun abu ne, su jefe ta. Amma mu duba gindin itacen da take kwana. Za mu ga 'yan curi-curi da ta amayar. In muka fasa ɗaya da tsinke, sai mu tarar da gashin ɓera da ƙasusuwansa da ɓawon ƙwari. Ashe masu yi wa rumbunmu ɓarna take ci.

Saboda haka kada mu kashe ta, kada yara su fasa ƙwanta. Mu yi hattara da maganin ɓera kuma, gama in ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya mutuwa. Wanda ya kashe mujiya ya kori mai gadin da ba ya karɓar lada.

Tambayoyi

1. Ta hanyoyi nawa za mu gane gashin mujiya?
2. Don me ɓera ba ya jin zuwanta?
3. Wane amfani take yi wa manomi?

Kowa ya rubuta: Mujiya mai gadin rumbu ce.