Aikin Iyaye Yana Farawa Tun Daga Aji Huɗu

A garuruwan da suke kewaye da birnin Abuja, kamar Kubwa, Nyanya, Lugbe da Gwagwalada, iyaye da yawa sukan fita tun da asuba saboda cunkoson motoci, ba sa komowa sai dare. Shi ya sa waɗansu ba sa sanin halin da karatun ɗansu yake ciki sai sakamakon WAEC ko NECO ya fito. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar, galibi har da Turanci da Lissafi. Harsashin wannan nasara kuwa ana kafa shi ne a aji huɗu na sakandare, wato SS1.

Na fari, zaɓen darussa. A wannan aji ne ɗalibi yake shiga sashen kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Yarinyar da take burin zama likita dole ta ɗauki Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ya kamata iyaye su saurari yaron da malamansa, kada su ɗora masa burin da su kansu ba su cika ba.

Na biyu, lokaci. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. A ware masa lokacin karatu kowace yamma, a rage masa aike, a ajiye waya. Ko uban da bai yi boko ba yana iya duba littafi ya ga ko malami ya sa hannu.

Na uku, shiri. Tun 2015 hukumar JAMB, wadda hedkwatarta take a Bwari, ta mai da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, daga 2021 kuma ta wajabta lambar NIN. Yaro ya saba da kwamfuta tun da wuri, iyaye kuma su tabbata suna da ranar haihuwarsa sun yi daidai a dukan takardu.

Na huɗu, gaskiya. Dokar 1999 ta sa satar jarrabawa laifi ne mai hukunci. Uban da ya biya kuɗi a rubuta wa ɗansa amsa ya koya masa cewa ha'inci hanya ce, darasin da ba zai manta ba.

Don nazari a iyali: Yaushe rabon iyaye da ganin malamin ajin ɗansu? Wane darasi ne yake ba yaron wuya a wannan zango?