HAKKIN MA'AIKACI AMANA CE A WUYAN MAIGIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi kuɗin fansho da na kula da lafiyar ma'aikata, da abin da ya wajaba a kan masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu game da su.

Mai karatu ya sani cewa a shekarar 2004 aka kafa dokar fansho ta karo-karo a Nijeriya, aka kuma sake ta a 2014. Bisa dokar 2014, ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, shi kuma maigida ya ƙara aƙalla kashi 10. Wato idan albashin Naira 100,000 ne, to Naira 18,000 za a zuba a asusun ma'aikacin, cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya yi jinkiri akwai tara a kansa wadda ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. A 2022 kuma aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya.

To, mene ne matsayin wannan a shari'a? Kashi 8 ɗin nan guminsa ne, an cire daga ladansa, saboda haka ajiya ce a hannun maigida. Kashi 10 kuwa yana cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki, don haka bashi ne. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da cika alkawura, aya ta 58 ta Suratun Nisa'i kuma ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita. Imam Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya gama mora, ya hana shi ladansa. Haka nan hadisi ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Ashe ke nan wanda ya riƙe kuɗin nan yana juya su a kasuwancinsa, da niyyar zai biya daga baya, bai kuɓuta ba.

Akwai abin koyi cikin labarin mutum uku da dutse ya toshe wa bakin kogo. Ɗayansu wani ma'aikacinsa ya tafi ya bar ladansa, sai ya juya masa shi har ya zama garken dabbobi. Da mai hakki ya dawo bayan tsawon zamani, ya miƙa masa duka, bai rage kome ba. Da wannan aiki ya yi tawassuli, Allah ya yaye musu.

Wani zai kawo hanzari cewa ana zuba kuɗin fansho a harkokin riba. Amsa ita ce tun 2021 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fito da asusu na shida wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ma'aikaci na iya neman a mayar da ajiyarsa can. Kuma ko da akwai shubuha, ba ta halatta wa maigida cin dukiyar wani.

Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya riƙa duba bayanin asusunsa, ya kai kuka hukuma in ya ga giɓi. Maigida kuma ya tuna cewa tsohon da ya rasa abin cefane bayan barin aiki, da majinyacin da aka mayar daga asibiti don ba a zuba kuɗinsa ba, za su tsaya da shi ranar da babu Naira babu kwabo. Mai bin bashin da ya wuce ya gaggauta biya tun yana da rai.

Allah ya sa a gama lafiya, amin.