Kuɗin gyaɗa ya ƙone a cikin ƙaramin akwati

A cikin buhu aka kawo ta, ɗaure a bayan babur, tun daga Kibiya har shagon mai wannan rubutu a Rano. Watan Afrilu ne, rana ta take. Saurayin da ya sauke ta ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "Malam, don Allah duba min. Jiya yara suna cikin wasa ta ɗauke, har da ƙauri."

Ƙaurin kuwa yana nan. Kwamfutar wasa ce 'yar ƙarama, gefenta gilashi, cikinta fitilu masu launi. Kuɗin gyaɗar da ya noma ne, ya haɗa da na ɗan bijimin da ya sayar, ya shiga birni aka haɗa masa ita, don yara su riƙa buga ƙwallo da rana, da dare kuma ya tace bidiyon biki. Wata biyar kacal ta yi.

Da aka kwance noti huɗu, komai ya fito fili. Katin hoto mai fanka uku, an danna shi ya manne da gilashi, ko yatsa ba ya shiga tsakani. Fankar ƙasa an cire ta don katin ya sami wuri. Fawa safulai marar suna, wayoyinta a dunƙule daidai inda iska za ta bi. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan hitsink kamar bargo. Gefen katin da ke karɓar wuta ya yi baƙi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne, na'urar ta daɗe tana kuka. Tun watan Fabrairu take kashe kanta. Saurayin ya kai wa wani mai gyara, aka ce masa bairos ne, aka goge Windows aka karɓi kuɗi. Ya koma ya ce ƙara ta yi yawa, sai mutumin ya shiga BIOS ya rage gudun fankokin akwati da ta furosesa. Kwamfutar da ke neman iska, a toshe mata hanci! Wannan ba gyara ba ne, kisa ne, kuma irin waɗannan mutane sun cika kasuwa, kowa da sukundireba ɗaya ya zama injiniya. Shi ma mai ita ba a wanke shi ba: ya sa kafinta ya yi mata akwatin katako mai kwaɗo saboda hannun yara, yana kuma lulluɓa mata zani don ƙura, tana a kunne, a shago mai rufin kwano.

"Ƙanena, wa ya ce ka sayi ƙarama?"

"A TikTok na gani, Malam. Ta fi kyau."

Ta fi kyau, gaskiya ne, kuma ƙaramin akwati ba laifi ba ne. Madabod ɗin Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, santimita 17 ne kowane gefe, yayin da ATX na Intel yake da 30.5 da 24.4. Akwai akwatuna irin Dan A4 mai lita 7 da ɗoriya, da Cooler Master NR200 mai kusan lita 18, alhali babban akwati na yau da kullum yakan kai lita 40. Sai dai duk litar da aka rage, da wani abu ake biyanta. Ramin RAM ya koma biyu. Fawa safulai sai SFX, mai tsada, mai wuyar samu a Kano. Kula dole ta zama gajera, fanka ƙarama, ƙaramar fanka kuma sai ta yi gudu da ihu kafin ta tura iskar da babba ke turawa shiru. Katin RTX 3060 yana cin wat 170, kuma duk zafi yake komawa, ko akwatin babba ne ko ƙarami.

Masu gwajin da ake kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi suke, digiri 25 ko ƙasa. A Rano da Kibiya bazara takan kai 40 a inuwa. Wannan tazarar ta digiri 15 kai tsaye take hawa kan furosesa da kati. Na'urar da ke 80 a Jamus tana 95 a nan, bakin iyaka, tun ƙura ba ta shiga ba.

Manyan kamfanoni ma sun sha wuya a kan irin wannan. A 2007 Microsoft ya ware sama da dala biliyan 1 don gyaran Xbox 360 da ke mutuwa. A Fabrairun 2021 aka janye akwatin NZXT H1 kimanin 32,000 a Amurka, saboda notin da ke riƙe wayar katin hoto yana iya haddasa gobara. Girman PlayStation 5 da mutane suka yi ta surutu a kai, neman iska ne.

Akwai kuma masu sayen siririyar kwamfutar ofis ta gwanjo su cusa mata katin wasa. Ramin PCIe wat 75 yake bayarwa, fawa safulai ɗinta kuma don aikin takarda aka yi ta. A bar murfi a buɗe, a ɗaure kati da waya, a ce an haɗa. Allah ya kyauta.

Shawara ita ce, duk mai shagon da ba shi da iyakwandishan ya sayi babban akwati mai raga a gaba. A auna tsawo da kaurin kati kafin a biya kuɗi. Kada a lulluɓe kwamfuta tana aiki. Kada a kulle ta a katako. A hure ta da bulawa duk wata a lokacin hunturu, a riƙe fanka da yatsa. A ɗaga ta daga ƙasa. Janareta ba sitabilaiza, wannan ma wani babi ne. Kuma dai, kada a lulluɓe ta.

Katin saurayin bai tashi ba. Madabod da furosesa sun tsira, aka mayar da su wani tsohon babban akwati mai fanka uku, aka sa fawa safulai ta kirki. Da hoton cikin furosesa yake tace bidiyo yanzu, a hankali. Bencin yaran yana jingine a bango, ya ce sai an yi kaka zai sake neman kati.